A maido wa darasin ƙere-ƙere zartonsa

Malam Edita,

Assalamu alaikum. Ina roƙon ka ba ni fili a shafin wasiƙu, ko da wasiƙar za ta ɗan yi tsawo, in yi magana a kan darasin da na shafe shekara 31 ina koyarwa a sakandare kafin in ajiye aiki, wato darasin zayyana da ƙere-ƙere.

Abin da ya zaburar da ni ya faru ne kwanakin baya. Jikata da ke aji biyu a sakandare ta shigo da gudu da littafinta a hannu, tana cewa, “Kaka, duba, goma bisa goma na ci.” Na buɗe na ga ta zana zarto, zane mai kyau kuwa, ta ja kibiyoyi ta rubuta sunan kowane ɓangare: ga mariƙi, ga haƙora, ga baya. Na sa mata albarka. Sai na shiga ɗaki na ɗauko tsohon zartona da guntun katako, na ja layi da fensir, na ce, “To bismilla, yanka mini nan.” Ta damƙe zarton da hannu biyu, ta danna da iya ƙarfinta, zarto ya yi tsalle ya bar layi ya karci katakon can gefe. Ta ɗago ta ce, “Kaka, ai mu ba a taɓa ba mu mun riƙe ba. A allo Malam yake zana mana.” Na tambaye ta ko makarantarsu ba ta da ɗakin aikin hannu. Ta ce akwai, amma a kulle yake, karyayyun kujeru ake zubawa a ciki.

Na zaunar da ita na gyara mata riƙo. Yatsa manuniya ta miƙe a gefen mariƙi tana nuna inda za a dosa, babban yatsan ɗaya hannun ya tare ruwan zarton kada ya zame, a fara da jan zarto baya sau uku a hankali har ya yi wa kansa hanya, sannan a bar nauyinsa ya yi aikin, ba ƙarfin damtse ba. Na nuna mata cewa ba a kan layi ake yanka ba, a gefensa ake yi, ta ɓangaren da za a yar, domin zarto yana cinye katako kimanin milimita ɗaya ko fiye, kuma abin da ya cinye ba ya dawowa. Cikin minti goma ta fitar da yanka madaidaici. Ta ɗauki guntun da ya faɗi tana jujjuya shi, ta shafa bakinsa da yatsa, ta ƙi ajiyewa. Wannan kallon na san shi. Na gan shi a fuskar ɗaruruwan yara, kuma ban taɓa ganinsa a fuskar yaron da ya gama kwafar rubutu daga allo ba.

Ban ga laifin malaminta ba, domin na san halin da yake ciki. Wanda aka ba alli kaɗai, da alli zai koyar. Amma ya kamata mu faɗa wa kanmu gaskiya: abin da ake yi a irin wannan aji ba darasin ƙere-ƙere ba ne, labarinsa ne ake ba yara.

Mutane da yawa, har da wasu shugabannin makarantu da na yi aiki a ƙarƙashinsu, sun ɗauka manufar darasin ita ce a fitar da kafintoci da masu walda. Sana'o'in nan masu daraja ne, kuma ina alfahari da ɗalibaina da suka riƙe su suke ci da iyalansu. Sai dai ba don haka aka sa darasin a sakandare ba, kamar yadda ba a koyar da lissafi don kowa ya zama akanta. Darasin kan fara ne tun kafin a taɓa katako. Yaro ya gano wata matsala ta gaske, ya je wurin mai matsalar ya yi tambaya, ya yi awo, ya zana hanyoyi uku ko huɗu, ya zaɓi ɗaya ya faɗi dalilinsa, ya haɗa samfuri da kwali, sannan ya ƙera, ya kai a gwada, ya dawo ya gyara. Wannan zagayen shi ne darasin. Zarto da guduma hanya ce kawai ta bi a cikinsa.

Ni kaina ban fahimci haka ba a shekaruna na farko. Yadda aka koya mini na koyar: in zana akwati a allo da awonsa, yara arba'in su yi akwati arba'in iri ɗaya, in bi da rula ina ba da maki. Wata rana wani yaro ya gama nasa, ya fi na kowa kyau, ya tsaya a gabana ya ce, “Malam, me za a zuba a ciki?” Ban da amsa. Na kwana ina juya tambayar, domin gaskiya ya faɗa: da an san abin da za a zuba, da shi zai faɗi tsawon akwatin da zurfinsa, da ko yana bukatar murfi. Ni na yi wa yaran duk tunanin, na bar musu wahalar kawai.

Daga baya da na shiga karance-karance sai na tarar wannan gardama ta girme ni nesa ba kusa ba. A 1866 ƙasar Finlan ta sa aikin hannu cikin darussan makarantun jama'a, bisa ƙoƙarin Uno Cygnaeus. A Rasha kuma, Victor Della-Vos na makarantar fasaha ta Mosko ya rarraba aikin kafinta da na ƙarfe zuwa atisaye daki-daki, daga mai sauƙi zuwa mai wuya: yau haɗin katako kaza, gobe haɗi kaza, ba tare da an ƙera wani abin amfani ba. Da aka baje wannan tsari a babban baje-kolin Filadelfiya a 1876, ya burge Amurkawa, har John Runkle, shugaban jami'ar fasaha ta MIT na lokacin, ya ɗauke shi ya kai makarantarsa. A ƙasar Suwidin kuwa, Otto Salomon ya bi wata hanya a makarantarsa ta Nääs tun daga shekarun 1870. Shi a wurinsa duk abin da yaro zai sassaƙa dole ya zama abin amfani da zai kai gida, kuma manufar ita ce tarbiyyar yaron: ya koyi natsuwa, da daidaito, da dogaro da kai, da girmama aikin hannu. Malamai daga ƙasashe da dama sun yi ta zuwa Nääs neman horo. Akwatunana arba'in jikokin tsarin Della-Vos ne. Yana koyar da hannu, ban musa ba, kuma har gobe ina ganin yaro na bukatar irin wannan atisaye. Amma ko Salomon da ya fi kusa da zuciyata, shi yake zaɓa wa yaro abin da zai yi. Matakin da ya rage shi ne a bar yaron ya zayyana da kansa.

Ranar da na fara sakar wa yara wannan ragama na ga abin da ban zata ba. Akwai wani ɗalibi a ajin da ke tafiya da sanduna saboda lalurar ƙafa. Kullum in ya jingina sandunan a jikin tebur sai su zame su faɗi, aji ya waiwaya, wani ya taso ya ɗauko masa. Mun saba da ƙarar har mun daina jin ta. Wasu 'yan mata uku suka ce matsalar da za su ɗauka ke nan. Na ce su fara neman izininsa, ya yarda. Gwajin farko, suka lanƙwasa waya mai kauri suka ɗaura a gefen tebur. Sanduna sun tsaya, amma kafin a tashi wayar ta yage wa wani wando. Na biyu, suka huda katako rami biyu a zura sandunan ta sama. Ya riƙe sosai, sai dai mai sandunan ya ce musu, “Kafin in zaro su sai na ɗaga hannu sama da kaina, kuma ina zaune.” Babu wadda ta yi tunanin haka a cikinsu, domin su a tsaye suka gwada. Suka koma suka zauna a kujerarsa ɗaya bayan ɗaya. Na uku, ɗaya daga cikinsu ta zo da guntun bututun roba na ruwa, suka auna kaurin sandar, suka yanka bututun gajere, suka tsaga shi ta gefe, suka goge bakin da samfefa, suka ɗaure a ƙafar tebur. In ka tura sanda sai bakin ya buɗe ya cafke ta, in ka ja sai ya saki, da hannu ɗaya, kana zaune. Abin bai kai tsawon tafin hannu ba. Mako shida suka yi a kansa, kuma takardun zanensu da na gyare-gyarensu sun fi ashirin. Har yaron ya gama makarantar ban ƙara jin faɗuwar sandunan nan ba.

Wace jarrabawar takarda ce za ta auna abin da 'yan matan nan suka koya ranar da suka zauna a kujerarsa?

Akwai kuma wani abu da ɗakin aiki yake da shi wanda sauran azuzuwa ba su da shi. A can, ba malami ne alƙali ba. In yaro ya ci gyara a rubutu, jan biron malami ne ya faɗa masa, yana iya cewa Malam ba ya ƙaunarsa. In kuwa ya haɗa kujera ya zauna ta karkace, babu wanda zai zarga. Katako ba ya son kai, ba ya kuma jin roƙo. Na tuna wani yaro da malamin lissafi ya riga ya cire rai da shi. Ya haɗa ɗan benci mai ƙafa huɗu, ya ƙara ƙusa a kan ƙusa, amma da an taɓa sai ya yi rawa. Ban faɗa masa komai ba. Na ba shi tsinken kwali guda bakwai da ƙananan ƙusoshi, na ce ya haɗa murabba'i da huɗu, alwatika da uku, ya matsa kowanne. Murabba'i ya kwanta, alwatika ta ƙi motsi. Ya yi shiru, ya tashi ya ɗauko siririn katako ya gicciya shi daga kusurwa zuwa kusurwa a bayan bencin, rawa ta tsaya cak. Da ya zo yanka na biyu ya rasa yadda zai san tsawonsa ba tare da ya ɗora ya gwada ba, sai na tuna masa ƙa'idar Fisagoras, ta lissafa tsawon gefen alwatika, da ya ce ba ya ganewa. Ya lissafa, ya yanka, ya shiga daidai. Washegari shi da kansa ya je ya samu malamin lissafi.

Haka nake yi da rula. In ɗora ta a kwance tsakanin littattafai biyu, in danna da yatsa, ta lotsa. In tayar da ita a kan gefenta, yaro ya danna da ƙarfinsa, ko gezau. Rula ɗaya, nauyi ɗaya. Daga nan sai in faɗa musu cewa in ka ninka faɗin katako sau biyu, taurinsa sau biyu yake ƙaruwa, amma in ka ninka tsayinsa daga ƙasa zuwa sama sau biyu, taurin sau takwas yake ƙaruwa. Bayan wannan, duk yaron da ya ɗaga kai ya kalli katakan rufi zai san dalilin da ya sa aka tayar da su a kan gefe. A ɓangaren lantarki ma, yaron da ya haɗa ƙaramin ƙwan LED ja kai tsaye da batir mai bolt 9, ya ga ya yi walƙiya sau ɗaya ya mutu, ba ya ƙara mantawa da dokar Ohm, wadda ake lissafa yawan wutar da ke bi ta waya da ita. Ƙwan bolt 2 yake so, saura 7 dole a samo abin da zai shanye su, kuma da hannunsa zai lissafa ya ga yana bukatar abin rage ƙarfin wuta na kusan om 350.

To in darasin yana da wannan amfani, me ya sa ake yi masa riƙon sakainar kashi? Kada a ce talauci ne kawai, domin ƙasashe masu arziki ma sun yi sakaci da shi. Ingila na cikin ƙasashen farko da suka wajabta shi: dokar ilimi ta 1988 ta sa fasaha cikin manhajar ƙasa, daga 1990 aka fara koyar da ita ga yara 'yan shekara 5 zuwa 16. Amma a 2004 aka cire wajabcin ga waɗanda suka haura 14, sannan a 2010 aka fito da wani ma'aunin ƙwazon makarantu, EBacc, wanda ya riƙa ƙirga Ingilishi da lissafi da kimiyya da harshen waje da tarihi ko labarin ƙasa, babu zayyana da ƙere-ƙere a ciki. Yawan masu rubuta jarrabawar darasin ya faɗi da fiye da rabi. Ba wanda ya fito ya ce a kashe shi. An daina ƙirga shi ne kawai, shugabannin makarantu kuma suka bi abin da ake ƙirgawa. Duk inda jarrabawa za ta tambayi yaro sunayen sassan zarto ta ba shi maki, ba ta kuma tambayi abin da ya yanka da shi ba, malami zai koyar da sunaye, kuma ɗakin aiki zai koma ma'ajiyar karyayyun kujeru. Shi ya sa nake ganin gyara na farko a jarrabawa yake. Aƙalla rabin makin ya fito daga aikin da yaro ya zayyana ya ƙera, tare da takardun da ke nuna inda ya fara, inda ya kuskure da yadda ya gyara, kuma a turo wani daga waje ya yi wa yaron tambayoyi a gaban aikinsa. Minti biyar sun isa a gane ko shi ya yi ko an yi masa.

Sai lokaci. Darasin minti arba'in ba ya aikin hannu. Kafin a shiga, a raba kaya, a yi bayani, minti goma sha biyar sun tafi, a bar goma na shara da ƙirga kaya, me ya rage? A haɗa darasi biyu a jere ko a hakura.

Batun kayan aiki kuma, a nan ne aka fi yaudarar kai. Na taɓa koyarwa a wata makaranta da aka kawo mata manyan injina na yankan katako da na gyaran ƙarfe. Aka yi biki, aka ɗauki hotuna. Injinan suna bukatar irin wutar da makarantar ba ta da ita, ba a kuma horar da kowa a kansu ba. Na bar makarantar bayan shekara shida suna nan cikin akwatunansu, tsatsa ta ci su, alhali a duk tsawon lokacin ina rubuta takarda ina roƙon katako da ƙusa da gam da samfefa. Abin da ke raya ɗakin aiki shi ne kayan da ke ƙarewa, waɗanda dole a sake saye kowane zango, kuma su ne ba wanda ke son sa hannu a kansu, don ba a yanka musu kirtani a ɗauki hoto. Zarto goma masu kaifi, guduma, kurfi, magagari, sikwaya, tebura masu ƙarfi da abin matse katako, da malamin da ya iya wasa haƙoran zarto, sun fi injin da ke kwance a akwati.

Wasu za su ce zamani ya wuce nan, yanzu a kwamfuta ake zane, inji ya fitar da abu. Ina maraba da kwamfuta, kuma a shekaruna na ƙarshe na zauna na koyi zane da ita don in koyar. Amma na lura yaron da bai taɓa jin katako ya tsage a hannunsa ba yakan zana abin da ba zai tsaya ba, domin a fuskar kwamfuta komai yana tsayawa. James Dyson, wanda ya yi suna da injin zuƙe ƙura, da kwali ya haɗa samfurinsa na farko, kuma sai da ya yi samfuri 5,127 kafin ya kai ga wanda ya gamsar da shi. William Kamkwamba na Malawi yana ɗan shekara 14, bayan rashin kuɗin makaranta ya zaunar da shi a gida, ya bi zane-zanen wani littafi da ya aro a laburare ya haɗa injin iska mai ba da wuta da gangar jikin keke da fankar tarakta da bututun roba. Mutane kan ji labarinsa su yi mamaki. Ni abin da ke damuna shi ne yara nawa masu irin kansa ke zaune yanzu a cikin aji, ba a waje ba, suna kwafar hoton zarto.

Abu ɗaya da har yanzu yake ci mini rai shi ne yadda ake rarraba yara. Wanda ya yi ƙoƙari a tura shi kimiyya, wanda aka ga bai ja ba a ce, “A kai shi wurin Malam ya koyi aikin hannu.” An zalunci ɓangarorin biyu. An nuna wa na biyun cewa hannu matattarar waɗanda suka kasa ne, an kuma hana na farkon, wanda gobe zai zama injiniya ko likitan tiyata ko mai zanen gine-gine, sanin yadda abu yake a hannu. 'Yan mata kuwa sau da yawa ba a ma tambayarsu. A ajina na ga 'yan mata da suka fi kowa iya awo da tsaftar haɗi, na kuma ga iyaye da suka zo da fargabar kada 'yarsu ta ji ciwo. Fargabar tana da tushe, ban taɓa raina ta ba. Maganinta tsari ne: kada aji ya wuce yawan da ido ɗaya zai iya lura da shi, mutum ɗaya a kan inji, tabarau a ido, hannu biyu a bayan bakin kurfi, a tattare duk wani tufafi mai lilo, kuma a riƙe kaya da kaifinsu, domin dakusasshen ƙarfe ne ke sa yaro ya danna da ƙarfi har ya zame.

Malam Edita, roƙona gare ka shi ne ka tura wakilinka ya zaga wasu makarantu. Kada ya tsaya a ofishin shugaba. Ya nemi a buɗe masa ɗakin aiki, ya duba ƙasa ko akwai garin katako, ya shafa haƙoran zarto ya ji ko an taɓa wasa su, ya tare yaro ɗaya ya tambaye shi abin da ya ƙera a wannan zangon da kuma wanda ke amfani da shi. Abin da ya gani ku buga mana.

Jikar tawa kuwa yanzu duk Asabar tana wurina. Ta auna littattafanta, ta zana kanta, mun kafa a bango. Bayan mako biyu ta dawo ta ce tsakiyar ta fara lotsawa, ko mu sayo katako mai kauri. Na miƙa mata rula da littattafai biyu, na ce ta je ta yi wasa da su. Jiya ta kawo mini sabon zane: ta ƙara siririn katako a ƙarƙashin bakin kantar, ta tayar da shi a kan gefensa, ta kuma rubuta tsawon da za mu yanka ranar Asabar.

Na gode.

Naka,
Tsohon malamin zayyana da ƙere-ƙere